Neman Ɗan Mai Kwalli, Daga Irazar Zuwa Garaken Dabaga

Ana sallame sallar asuba muka bar Agadez, gari bai gama wayewa ba, masu shayin bakin tasha suna ta fifita gawayi. Mu uku ne cikin motar kat-kat ɗin: ni, da matuƙinmu, da Hajiya shugabar koperatif ɗin mata masu nono ta unguwarmu. Da yawanku kun yi ta aiko mini saƙo kuna tambayar inda na shige kwanakin nan. To, sa muka tafi nema. Sa guda, ɗan wajen shekara biyu, wanda ko a kasuwa kuka gan shi ɗaure ba lalle ku waiwaya ku sake dubansa ba.

Bari in faɗi dalili, saboda waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba. Ni lokotoron dabbobi ce, wato likitarsu, kuma shekarun nan aikina ya fi karkata ga shanunmu na Azawak, jajayen nan masu gajeren ƙaho. Damuwar mai kiwo ba ta canja ba tun zamanin kakanni. Bijimi ba a tatsarsa, amma shi ke gadar wa 'ya'yansa mata yawan nono ko ƙarancinsa. Da ido kake zaɓensa, ka dubi tozo, ka dubi ƙirji, ka sa shi cikin garke. Sai bayan shekaru, 'ya'yansa sun girma sun haihu, sannan ka san ko ka dace. Matan koperatif sun taɓa ɗanɗana wannan. Sun yi karo-karo sun sayi wani ƙaton bijimi, har hoto ake zuwa ɗauka da shi. 'Ya'yansa suka tashi kyawawa kamar ubansu, nono kuwa da ƙyar yake isar maraƙi.

Yanzu akwai hanyar rage wannan jira. Ana tsige 'yan gashi daga wutsiyar maraƙi, har da saiwarsu, a kai laboratuwar a karanta abin da ya gada daga uwa da uba. Sai a gwada da na shanun da aka riga aka san yawan nononsu. In gadonsa ya yi kama da na masu cika ƙwarya, akwai kyakkyawan zaton 'ya'yansa za su cika. Abokan aikina suna ce masa seleksiyon jenomik. Su Hajiya kuwa gwajin wutsiya suke cewa, kuma nasu sunan ya fi shiga kunne.

Wahalar ita ce gwajin ba ya magana shi kaɗai, sai da abin gwadawa. Ƙasashen da suka fara shi sun daɗe suna auna nonon shanunsu, sun tara bayani mai yawan gaske. Mu ba mu da wannan tarin. Nasu kuma ba ya yi mana aiki, don saniyar da ta tashi cikin sanyi da ɗanyar ciyawa daban take da wadda ke tafiyar yini kafin ta kai rijiya. Dole muka fara tara namu tun daga tushe. Mata a rugage da cikin gari, kowace da moɗar awo mai zanen lita a jiki, tana auna abin da ta tatsa. Muka haɗa ɗan namu da na abokan aiki a ƙasashe maƙwabta masu kiwon irin wannan saniya, ya ɗan yi kauri. Da sakamakon farko ya iso, 'yan bijimai kaɗan suka fito gaba. Wasu suna hannun matanmu a cikin gari. Wanda ya fi su duka yana daji, cikin garken wani Bafulatani a fadamar Irazar, kuma an daɗe wayarsa ba ta shiga. Ga shi kaka ce, lokacin da makiyayi ke sayar da namiji ya sayi hatsi. Hajiya ta ce ita kam ba za ta samu natsuwa ba sai ta ga san nan da idonta.

Muka ɗauki hanyar Tawa. Gudron ɗin nan, wato kwaltar, inda yake da kyau yana da kyau, inda ya ci kuwa gara ka sauka gefe ka bi yashi. Jandarmomi suka duba takardunmu, ɗayansu ya leƙo ya tambayi inda muka nufa. Matuƙinmu ya ce, "Biko za mu." Jandarman ya ce bikon wa? Matuƙin ya ce na wani sa. Har muka yi nisa ina hango shi ta madubi yana dariya. Esans kuwa, man mota, kada ku tambaya. Wanda muka ƙara a bakin hanya cikin buteli ya fi na gari tsada nesa ba kusa ba, mai sayarwar kuma yana rantsuwa cewa don darajar Hajiya ya rage mana.

Da hantsi muka bar gudron muka faɗa fadama. Wanda bai taɓa ganin Irazar bayan damina ba, ya yi ƙoƙari ya gani. Fili ne shimfiɗe har iyakar ganinka, laka ta bushe ta tsattsage, ciyawa ta fara juyewa rawaya, raƙuma suna lasar ƙasa mai gishiri ba su ko ɗaga kai su dube mu. Babu hanya sai sawun motocin da suka riga ka. Na lura carbin Hajiya yana bin yanayin ƙasa: in fili ya yi laushi tana ja a hankali, in muka faɗa gargada sai ya kama gudu. Ta zo da kula cike da dambun zogale, da kilishi naɗe cikin takarda, kuma su suka riƙe mu yinin nan.

Rana ta take tsaka muka iske rugar. Uwargidan ce ta tarbe mu, mace mai kimanin shekara hamsin, doguwa, ba ta da yawan magana. Inna nake ce mata. Ita ce ta shekara da shekaru tana auna nonon saniyarta da suke kira Mai Kwalli, saboda baƙin da ya zagaye mata idanu, kuma wannan saniya ita ce uwar san da muke nema. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kindirmo mai sanyi kamar daga firigo aka fiddo shi. Muka gaisa, muka tambayi yara, da shanu, da rijiya. Sannan na ce, "Inna, ina ɗan Mai Kwalli?"

Ta gyara faifan da ke kan ƙwarya ko da yake a daidai yake. Ta ce, "Ya tafi."

Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Can sai ga maigidan ya dawo daga rijiya, sanda a kafaɗa. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya tsuguna ya ce, "Lokotoro, yara hatsi suke ci. Na duba garke na ga shi ne ƙarami cikin mazan, na ba dillali ya kora shi kasuwar Cirozerin. Da na san za ku zo, da wani na bayar." Ko ni ce a matsayinsa, da ido kaɗai, shi zan fitar. Inna dai ta ce ta faɗa masa ya dakata, ta faɗa masa har sau nawa. Shi kuma bai musa ba.

Na ce ba komai, akwai lamba a kunnensa, za mu gane shi. Inna ta ce ƙaya ta cire lambar tun cikin damina. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce jajayen shanu sun cika duniya, mu mutanen gari ba za mu rarrabe shi ba. Ta shiga bukka, ta fito da ɗan ƙunshin kaya da mayafi, ta ce wa maigidan surukarta za ta yi tatsar yamma. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Kafin mu miƙe har ta buɗe mota ta zauna gaba, a wurin Hajiya. Hajiya ta dube ni, na dube ta, muka shige baya. Kafin mu tashi na je na ga Mai Kwalli a inuwar wata ƙaya, da sabuwar maraƙa a gindinta. Saniya ce kamar kowace, har haƙarƙarinta ana iya gani, amma hantsarta ta cika ta yi nauyi a ƙarshen damina.

Daga nan muka yanki daji muka nufi arewa maso gabas har muka hau hanyar Arlit. Wannan hanya kam sunan gudron ne ya rage mata. Manyan kamiyo suka yi ta wuce mu, an yi musu lodi har sama, bidon na ruwa suna reto a gefe, samari a can ƙololuwa sun naɗe fuska, duk masu neman zinariya. Inda muka tsaya yin azahar na ji Hausa kala-kala a rumfar mai shayi guda: ta Maraɗi, ta Damagaram, ta Zamfara. Wani ya ce daga mahaƙar Jado ya fito, zai gwada wani wurin kuma. Mai shayin ya ce tun da aka fara zinariya, naman sa ya yi daraja a arewa, duk namijin da ya shiga kasuwa ba ya kwana. Hajiya ta ajiye kofinta ba ta ƙarasa ba. Inna kuwa ƙorafinta guda ne tun da muka taso, a kashe mata kilim ɗin motar, sanyin yana shiga mata ƙashi.

Da la'asar muka hango hayaƙin Anu Araren, inda ake ƙona gawayin ƙasa a ba mu wuta. Na shekara nawa ina kunna ampul a gida ban taɓa tunanin ganin inda take fitowa ba. Ba mu tsaya kallo ba, kai tsaye mahautar Cirozerin muka nufa. A bayan rumfunan an shanya fatu a ƙasa, an kafe su da turaku. Inna ta sauka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk jar fata sai ta tsuguna ta ɗaga gefe ta duba gashin. Ni dai na tsaya jikin mota. Na tuna matan da suka yi shekaru suna awo safe da yamma, wasu mazajensu na yi musu dariya, na ce in fatar nan tana nan, da wace fuska zan koma in ce su ci gaba? Da ta kai ta ƙarshe ta miƙe, ta karkaɗe hannu, ta girgiza kai. Hajiya ta ce alhamdulillahi da ƙarfin da ya sa mahauta suka juyo.

Sarkin fawan, wani dattijo mutumin Adar da ya daɗe da zama garin, shi ya warware mana. Da Inna ta kwatanta masa san, ya ce ya tuna shi sarai. Ya taya, ya shafa bayansa ya ji ba nama, ya bari. Wani tsoho Ba'abzine mai garka a Dabaga ne ya saye shi, ya ce takarkari zai mai da shi ya riƙa ja masa ruwa. Murnata ta koma ciki. Duk mai kiwo ya san ba a mai da sa takarkari sai an dandaƙe shi, kuma in an yi haka, da shi da wanda aka yanka duk ɗaya ne a wurinmu. Sarkin fawa ya ga fuskata ya ce, "Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Dabbar da ta sha tafiya ba a taɓa ta sai ta huta ta mai da jiki. Amma kada ku yi nawa."

Muka kwana gidan wata 'yar'uwar Hajiya, matar wani ma'aikacin gawayi, ta yi mana shinkafa da miyar jan nama. Ina ci ina tunanin ko naman wane ne. Da sassafe muka kama hanya. Akwai wadda ke yankewa ta cikin duwatsu zuwa Dabaga, amma matuƙinmu ya ce tayarsa ta ajiya guda ce, ba zai kai ta can a cinye masa ba. Sai muka gangaro har gefen Agadez, muna hango hasumiyar babban masallaci, muka juya arewa ba mu shiga gari ba. Hajiya ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce gidanta kamar ɓarauniya ba sai ranar.

Hanyar Dabaga tana bin ƙoramar Telwa ne, ka hau dutse ka gangara yashi. Kana cikin baƙaƙen duwatsu sai kawai ka ga kore ya buɗe a gabanka: goruba, dabino, lemu, fangalin albasa jere-jere, tumatir, tafarnuwa. Ƙarar motopom, injin jan ruwa, ta ko'ina, wasu garake kuma an kafa musu pano na hasken rana. A bakin hanya mata na sayar da tumatir da arahar da in na faɗa muku, matan Agadez za su yi fushi da masu kai musu. Muka yi ta tambayar tsohon da ya sayo jan sa daga Cirozerin. Aka nuna mana garka ta can ƙarshe, wadda babu ƙarar inji a cikinta.

Tun daga bakin shinge Inna ta tsaya. Akwai wani ɗan sa ɗaure gindin dabino, ya juya mana baya yana cin harawa. Ta yi wani kira da Fulatanci, siriri, mai ja. San ya ɗaga kai, ya juyo, ya yi kuka har igiyar ta miƙe. Na ruga na kama kunnensa, ga hudar lamba nan a yage. Na buɗe hotonsa na ranar gwaji a waya, akwai ɗan fari a ƙasan wuya, ga shi kuwa a jikinsa. Sannan, ku gafarce ni, na zagaya baya na duba abin da ya kawo mu. Lafiya lau, ba a taɓa shi ba. Hajiya ta zauna daɓas a bakin fangali tana share ido da gefen mayafi.

Mai garkar ya iso yana mamakin mata uku da suka kewaye masa sa. Dogon tsoho ne, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Ya ce mu zauna tukuna, ya hura gawayi ya ɗora shayi. A nan muka ji nasa labarin. Motopom ɗinsa ta mutu, kayan gyaranta sun gagara samuwa, esans ya fi ƙarfinsa, kuɗin pano kuwa ba a magana. Sai ya ce bari ya koma hanyar mahaifinsa, dabba ta ja wasaki daga rijiya. Maƙwabci ne ke ara masa inji jefi-jefi, albasar kuma ta fara sunkuyar da kai. Mai dandaƙa zai zo washegari.

Hajiya ta ce za su mayar masa da abin da ya biya, har da ƙari. Ya ce, "Hajiya, ba kuɗi nake nema ba. In kin ba ni kuɗi, sai in koma kasuwa, kafin in samu wani in horar da shi albasar ta mutu." Na yi masa bayanin gwajin wutsiya daga farko har ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba, yana ta juya shayi daga buta zuwa kofi. Da na gama ya ce, "Kin tabbata 'ya'yansa za su yi nono?"

Na ga Hajiya tana yi mini alama da ido in ce e. Na ce, "Baba, ban tabbata ba. Shanun da muka auna ba su da yawa tukuna, saboda haka gwajin namu yana iya kuskure. Shi ya sa ba sa ɗaya za mu dogara da shi ba, da 'yan'uwansa za mu haɗa. Abin da zan iya ce maka shi ne, cikin duk waɗanda muka gwada, shi ya fi ba mu fata. Uwarsa kuma ga mai tatsarta nan zaune, ko shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ba ta fasa haihuwa ba."

Ya dubi Inna, ta gyaɗa kai. Ya miƙo mini kofi ya ce, "Da kin ce kin tabbata, da na ce ku sha shayi ku tafi. Amma har yanzu ba ki faɗa mini wa zai ja mini ruwa ba."

Sai Hajiya ta gyara zama. Tana da wani takarkari a gida, babba, horarre, shi ke ja mata amalanken harawa tun shekaru. Ita ta raine shi tun yana maraƙi, kuma duk unguwa an san ko ɗanta ba ta yarda ya ɗaga masa sanda. Ta ce, "Baba, in na kawo maka wanda ya riga ya san igiya, yau ɗin nan, ka ba mu wannan?" Na ce mata a hankali, Hajiya, ki yi tunani. Ta ce ta gama tunani tun a mahauta. Tsohon ya ce sai ya gani da idonsa, in ya ja ruwa, magana ta ƙare. Hajiya ta hau wani tudu inda ake samun rezon waya, muna jiyo ta tana ba babban ɗanta umarni ya nemi kamiyon kayan miya da zai komo Dabaga ba kaya, ya ɗora san a ciki, kada ya tsaya yi mata tambayoyi.

Jiran ya yi tsawo. Matar tsohon ta gasa mana tagilla, burodin nan da ake binnewa cikin yashi mai zafi, ta farfasa ta zuba miyar tumatir da man shanu, ta kawo cuku. Ita da Inna ba su da yaren da ya haɗa su sai Hausa, kowace da irin tata karyewar harshe, amma kafin la'asar har sun shiga gardama kan wace ciyawa ta fi kawo nono. Maƙwabta suka fara taruwa, don labari ya bazu cewa wasu mata sun zo daga birni suna rigima a kan ɗan sa ramamme.

Rana ta yi sanyi kamiyon ya iso. Takarkarin ya sauko yana huci, ya ga Hajiya ya nufo ta. Ita da kanta ta ja shi zuwa bakin rijiya. Aka ɗaura masa igiyar da ta bi ta kan wani gungumen ice mai juyawa, aka zura wasaki. Da farko ya tsaya yana waige, yana neman amalanken da ya saba ji a bayansa. Tsohon ya ja, ya ƙi. Hajiya ta matsa ta yi masa magana a kunne, ta shige gaba, sai ya biyo ta. Igiya ta miƙe, icen ya yi ƙara, wasaki ya taso cike, ruwa ya kwarara cikin kwalbati ya bi hanya ya shiga fangalin farko. Matar tsohon ta rangaɗa guɗa, Inna ta karɓa, ni ma da ban iya ba na yi tawa. A zagaye na gaba tsohon ne ya riƙe igiya, san ya bi shi kamar sun daɗe tare. Hajiya ta koma gefe ta juya baya na ɗan lokaci.

Tsohon ya kwance ɗan Mai Kwalli da hannunsa ya miƙa wa Inna igiyar. Amma ya ce yana da sharaɗi. Yana da shanu mata biyu, in lokacinsu ya yi zai kawo su Agadez, kuma ba ya son a ce masa ya bi layi. Hajiya ta ce ta yarda. Na ce ni ma ina da nawa sharaɗin: matarsa za ta riƙa auna nononsu, kuma yanzu zan tsigi gashin wutsiyarsu. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ina cikin tsigar sai wani maƙwabci ya ce tasa saniyar fa? Wani ma ya ce tasa. Kafin magariba na bi garake da dama, 'yan ambulan ɗin da na zo da su suka ƙare, muka koma naɗe gashi cikin takardar shayi. Na fito neman sa guda, na samu unguwa guda ta masu awo a wurin da ban taɓa sa rai ba.

Washegari da hantsi muka kamo hanyar gida. San yana cikin kamiyo tsakiyar buhunan albasa, Inna ta ƙi shiga kat-kat, ta hau gaban kamiyon don ta riƙa leƙa shi. Muna biye da su a baya, warin albasa na dukanmu har Agadez. Da muka shiga unguwa, matan koperatif sun cika ƙofar garken, da yara, da masu kallo. Aka sauke shi, wata tsohuwa ta kewaya shi ta ce, "Wannan ne? Ai ko akuyata ta fi shi cika ido." Aka kwashe da dariya, amma ita ce ta fara kawo masa dusa. An shirya cewa da damina zai koma Irazar ya yi wata biyu cikin garken Inna, don ita ta fi kowa haƙƙi a kansa. Da za ta hau motar kasuwa ta koma, ta ce in aika mata sabuwar moɗar awo, tata zanen ya goge.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba shanun kirki muka rasa ba a ƙasar nan. Suna nan cikin garkunanmu, kuma kowace ranar kasuwa wasunsu na wucewa mahauta ba wanda ya san darajarsu. Abin da muka rasa shi ne awo, kuma awo ba injin laboratuwar ke yin sa ba, mata ne ke yin sa a tsugune gindin saniya. Kowace ta ƙaru, gwajin na ƙara gaskiya. Na kuma koyi cewa faɗin iyakar abin da ka sani ya fi cika baki saurin buɗe ƙofa.

Da na isa gida, mahaifiyata tana zaune tsakar gida tana tsinke zogale. Ta dubi ƙafafuna da suka yi futu-futu, ta shaƙi warin albasar da ke jikina, ta ce duk wannan wahala a kan sa guda? Na ce mata e, kuma sai nan da 'yan shekaru za mu sha nonon 'ya'yansa. Ta ci gaba da tsinkarta, ta ce, "To, Allah ya kai mu. Ki ce masa kada ya damu da tsufana, ko haƙoran sun ƙare, nono ba ya bukatar su."